Ɓaraka a Kayan Aiki: Tarihin Kutse ta Hannun Marubuta Manhaja

Sana'ar rubuta manhaja, wato tsara jerin umarnin da kwamfuta ko wayar hannu take bi domin ta aiwatar da wani aiki, ba ta cika shekara ɗari a duniya ba, kuma ba ta fara kama ƙasa sosai a Arewacin Nijeriya ba sai bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar intanet a shekarun da suka biyo baya. A yau ta fita daga harabar jami'o'in Kano da Zariya, ta kai inda matashi a Rano ko Kibiya ko Saji zai iya fara koyonta da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wani ma da wayarsa kaɗai. Sai dai duk wanda ya shiga wannan sana'a yana karɓar kayan aikin da waɗansu suka ƙera a nesa, kuma tare da kayan yake gadon duk raunin da ke jikinsu. Idan ana batun tsaron intanet a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi ga 'yan damfara masu bugo waya su nemi lambar sirrin banki, alhali akwai wani reshe na matsalar da ya girmi wannan da shekaru, wanda a cikinsa ba a yaudarar mai amfani da manhaja kai tsaye, sai dai a gurɓata kayan aikin wanda ya rubuta ta.

Kayan aikin nan kashi huɗu ne a taƙaice. Akwai edita, wato manhajar da marubuci yake buɗewa ya rubuta umarninsa a ciki, kamar Vim da Emacs da Visual Studio Code. Akwai tafinta, manhajar da take juya abin da mutum ya rubuta da harshen da ɗan Adam zai iya karantawa zuwa harshen na'ura, wanda lambobi ne zalla. Akwai rumbuna, inda ake ajiye ƙunshe-ƙunshen rubutun da waɗansu suka riga suka yi domin kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa maimakon ya fara daga tushe. Na huɗu shi ne injin haɗawa, kwamfutar da take tattara waɗannan duka ta fitar da kammalalliyar manhaja, ta buga mata hatimin kamfani, sannan a raba wa jama'a. Marubuci yakan bi rubutunsa layi-layi yana neman kuskure, abokan aikinsa su ma su duba masa, amma da wuya a sami wanda yake tsayawa ya tuhumi waɗannan abubuwa huɗu, domin aikin ba zai yiwu ba sai da amincewa da su.

Mutanen ƙasar Rano ba su rasa abin da za su auna wannan da shi ba, tun da a tarihin Hausa Bakwai Kano da Rano ne ake kira sarakunan baba saboda shaharar rininsu. Masaƙa da yawa suna kawo tufafinsu karofi guda, kowa da ingancin saƙarsa, amma idan haɗin baba da toka da ke cikin ramin ya ɓaci, duk ƙyallen da aka tsoma zai fito da aibi iri ɗaya, ba tare da masaƙin ya yi kuskuren zare ko ɗaya ba. Mai nufin ɓarna da ya gane haka ba zai wahalar da kansa bin masaƙa gida-gida ba.

Farkon waɗanda suka rubuta wannan haɗari a fili su ne Paul Karger da Roger Schell, jami'an rundunar sojan saman Amurka, waɗanda a 1974 suka fitar da rahoton binciken tsaron wani tsarin kwamfuta mai suna Multics, suka nuna cewa ana iya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin tafinta kansa. Ɓoyayyiyar ƙofa, a harshen masu sana'ar, hanya ce da ake bari a cikin manhaja domin wanda ya san da ita ya shiga ba tare da izini ba. Wanda ya fito da maganar ga duniya shi ne Ken Thompson na cibiyar bincike ta Bell Labs, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Unix a 1969. Shi da Dennis Ritchie sun sami lambar yabo ta Turing ta shekarar 1983, wadda ita ce mafi girma a fagen ilimin kwamfuta, kuma a jawabinsa na karɓar lambar, wanda aka buga a watan Agusta 1984, ya bayyana wata dabara da ya taɓa gwadawa da hannunsa.

Dabarar ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi reshenta ne. Thompson ya koya wa tafintan harshen C ya gane lokacin da aka miƙa masa rubutun manhajar da ke gadin ƙofar shiga kwamfuta, mai tambayar suna da kalmar sirri, ya ƙara mata wata kalmar sirri ta daban da za ta buɗe kowane asusu. Wannan mataki kaɗai ba shi da wuyar ganewa, domin duk wanda ya karanta rubutun tafintan zai ga ƙarin da aka yi. Amma tafinta shi ma manhaja ne, kuma wani tafinta da ya gabace shi ne yake fassara shi zuwa harshen na'ura, don haka sai Thompson ya ƙara mataki na biyu: ya koya masa ya gane lokacin da ake fassara sabon tafinta, ya dasa masa darussan nan biyu a asirce. Da ya fitar da gurɓataccen tafintan sau ɗaya, sai ya goge duk ƙarin daga rubutun asali. Daga nan rubutun tafinta tsaf yake, rubutun mai gadin ƙofa tsaf yake, ko malamai ɗari suka zauna suka bi su harafi-harafi ba za su ga komai ba, amma cutar tana wucewa daga tafinta zuwa magajinsa har abada. Abin da ya tabbatar shi ne karanta rubutun manhaja bai isa hujjar amincewa da ita ba, matuƙar ba a san asalin kayan da aka haɗa ta da su ba. Shekaru da dama waɗansu suna ɗaukar maganar a matsayin wasan ƙwaƙwalwa na masana, har a 2023 Russ Cox, ɗaya daga cikin jagororin harshen Go, ya karɓi ainihin rubutun daga hannun Thompson, ya gwada shi, ya wallafa shi a fili.

Shekara biyu bayan buga jawabin aka sami shahararren kutse na farko da ya bi ta kan edita. A watan Agusta 1986 aka umurci Clifford Stoll, masanin taurari da ke kula da kwamfutocin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Kalifoniya, ya binciko dalilin giɓin senti 75 a lissafin kuɗin amfani da na'ura, abin da ya kai shi ga gano cewa wani baƙo yana shiga yana fita da cikakken ikon shugaban na'urar. Hanyar da baƙon ya bi ita ce wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna movemail da take zuwa tare da editan GNU Emacs, wadda aikinta kawai ta ɗauko wasiƙun mutum daga akwatin na'ura ta kai masa nasa wurin. An girka ta a cibiyar da cikakken iko, kuma ba ta tambayar inda za a ajiye abin da ta ɗauko. Sai mai kutsen ya rubuta nasa umarnin, ya sa movemail ta ɗora shi a madadin wata manhajar tsarin mai suna atrun, wadda na'urar take tayarwa da kanta duk bayan minti biyar. Da mintunan suka cika, na'urar ta aiwatar da umarnin baƙo a matsayin nata, ta miƙa masa makullan gida, shi kuma ya mayar da atrun ta gaskiya wurinta domin kada a ga sawu.

Stoll ya shafe kimanin wata goma yana bin diddigi. Ya jona na'urorin buga takarda a layukan da ke shigowa cibiyar domin duk abin da baƙon ya danna ya fito a rubuce, daga baya kuma ya ƙirƙiri takardun bogi masu kama da sirrin soja domin su riƙe shi a kan layi har ma'aikatan waya na Jamus ta Yamma su gano gidan da kiran yake fitowa. Mutumin shi ne Markus Hess na birnin Hannover, wanda shi da abokansa suke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da suka kwaso daga kwamfutocin soja da na jami'o'i, kuma a 1990 kotu a Jamus ta same su da laifi. Waɗanda suka rubuta movemail ba su nufi sharri ba, waɗanda suka girka ta ma haka. An dai ba ƙaramin kayan aiki ikon da ya fi ƙarfin buƙatarsa domin a sauƙaƙa wa ma'aikata.

Wannan neman sauƙi shi ne tushen yawancin ɓarakar editoci har yau. A tunanin kowa, buɗe takarda domin karantawa daban ne da aiwatar da abin da ke cikinta, amma editoci sun daɗe suna rushe wannan iyaka. Editan Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, yana ba marubuci damar sa wani layi a farkon fayil ko ƙarshensa da zai gaya wa editan yadda zai tsara rubutun, kamar faɗin tazarar da za a bari a gefe. A 2002 Georgi Guninski ya nuna cewa ana iya cusa umarni a wannan layi, aka toshe, sannan a watan Yuni 2019 Armin Razmjou ya sake gano wata hanyar a Vim da ƙaninsa Neovim, inda buɗe fayil ɗin rubutu kawai ya isa ya miƙa kwamfutar ga wani. Tsakanin waɗannan toshewa biyu shekara 17 ne, kuma kafar ɗaya ce.

A 2009 aka gano ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Induc, wadda ba ta damu da kowa ba sai wanda ya girka kayan aikin Delphi, ta gurɓata ɗaya daga cikin fayilolinsa ta yadda duk manhajar da ya haɗa za ta fito ɗauke da ita. Ba ta sata, ba ta goge komai, shi ya sa ta daɗe tana yawo. Abin da ya faru a ƙasar Sin a watan Satumba 2015 ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi kama da halin da mai koyo a kudancin Kano yake ciki. Duk mai son rubuta manhajar wayar iPhone yana amfani da Xcode, kayan aikin da kamfanin Apple yake bayarwa kyauta, amma nauyinsa gigabait da dama ne, kuma sauke shi daga kwamfutocin Apple da ke wajen ƙasar yana ɗaukar lokaci mai tsawo ga wanda yake Sin. Sai waɗansu suka ɗora kwafinsa a ma'ajiyar intanet ta Baidu da ke cikin gida, inda yake sauka da sauri, bayan sun ƙara masa abin da ba na Apple ba. Marubuta, har da na manyan kamfanoni, suka ɗauka suka yi aiki da shi, waɗansu bayan sun kashe gargaɗin da kwamfutarsu ta yi musu cewa hatimin kayan bai inganta ba.

Gurɓataccen kayan, wanda aka laƙaba wa suna XcodeGhost, yana dasa wa kowace manhaja ɗan rubutun da ke tattara bayanan wayar da aka girka ta ya aika waje. Manhajojin sun wuce tantancewar Apple, suka shiga kasuwarsa da sunayen kamfanoni masu mutunci, cikinsu har da WeChat da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke amfani da ita. Sai a 2021, lokacin shari'ar kamfanin Epic Games da Apple, wasiƙun cikin gida suka bayyana girman abin: manhajoji sama da 2,500, waɗanda mutum miliyan 128 suka sauke. Ba adalci ba ne a ce wautar marubutan ce ta jawo wannan, domin ƙwararru ne da aiki ya matsa wa, hanyar ƙwarai ta yi musu nisa, ta kusa kuma ta zo da sauƙi. Apple kansa ya gane haka, tun da ɗaya daga cikin matakan da ya sanar shi ne samar da hanyar sauke Xcode daga cikin ƙasar Sin.

Wanda ya san yadda manhaja take yawo a Kano zai ga kamannin nan take. Ɗalibin da yake zaune a Saji, inda ƙarfin sabis yake hawa yana sauka kuma cajin kwamfuta kansa sai an yi masa dabara, idan aka ce ya sauke Android Studio, kayan rubuta manhajar wayoyin Android da ya kai kusan gigabait 1 tun kafin a ƙara masa sauran abubuwan da yake buƙata, abu ne mai wuya ya ƙona datarsa a kan saukewar da za ta iya katsewa a tsakiya. Abin da zai yi shi ne ya karɓa a filashi daga abokin karatu, ko a tura masa daga waya zuwa waya, ko kuma idan ya shiga birni ya kai kwamfutar shagon masu gyara a ɗora masa komai a zama ɗaya, tun daga Windows har edita, a kan kuɗi kaɗan. Mai shagon shi ma daga wani ya kwafa, wancan kuma daga wani shafi da ba wanda ya tuna sunansa, kuma da yawa daga cikin abin da ke filashin manhajoji ne da aka fasa makullinsu domin a kauce wa biyan lasisi, wanda hakan yana nufin wani da ba a sani ba ya riga ya buɗe cikinsu ya canza wani abu. Rahoton ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kwamfutocin Nijeriya ba su da lasisi. Wannan taimakon juna ne ya ba dubban matasa damar shiga sana'ar da talauci zai hana su, kuma bai kamata a raina shi ba, amma silsila ce da ba wanda zai iya kai ta ga asalinta.

Daga 2018 hankalin masu kutse ya koma ga rumbuna da injinan haɗawa. Rumbun npm, inda marubutan harshen JavaScript suke ɗebo ƙunshe-ƙunshe, yana ɗauke da sama da miliyan 2, kuma manhaja ɗaya takan dogara da ɗaruruwansu ba tare da mai ita ya karanta ko kashi ɗaya cikin goma ba. A 2018 ɗin Dominic Tarr, marubucin wani ƙunshi mai suna event-stream da ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako, wanda ya daɗe da daina amfani da shi kuma ba a biyansa ko kwabo a kan kula da shi, ya miƙa ragamarsa ga wani da ya nuna sha'awar taimakawa, sabon mai kulan kuma ya cusa masa rubutun satar kuɗin Bitcoin daga manhajar ajiya ta Copay. A watan Disamba 2020 kamfanin tsaro na FireEye ya bankaɗo abin da ya fi wannan muni a kamfanin SolarWinds na jihar Texas. Masu kutsen sun zauna a cikin injin haɗawar kamfanin, suna jiran lokacin da za a fara haɗa manhajar Orion, su musanya fayil ɗaya da nasu, su mayar da na asali da zarar an gama, ta yadda manhajar take fita da sahihin hatimin kamfani. Abokan ciniki kimanin 18,000 suka sauke ta a matsayin sabuntawa, cikinsu har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, wadda a watan Afrilu 2021 ta ɗora alhakin a kan hukumar leƙen asirin waje ta Rasha.

Akwai kuma salon da ake farautar marubucin shi kansa. A watan Janairu 2021 masu binciken barazana na Google suka bayyana cewa wata ƙungiya mai alaƙa da gwamnatin Koriya ta Arewa tana ƙulla abota da masana tsaro a kafofin sada zumunta, ta gayyace su aikin haɗin gwiwa, ta aika musu kundin aiki na Visual Studio wanda da zarar an danna haɗawa yake girka manhajar leƙen asiri. A watan Nuwamba 2023 masu bincike na kamfanin Palo Alto Networks suka bayyana wani salon da ya fi kusa da matasan Nijeriya, inda ake tallata aikin da za a yi daga gida a biya da dala, a kira mai nema ganawa, sannan a ba shi wani kundi a ce ya sauke ya tayar a kwamfutarsa a matsayin jarrabawa. Matashin da ya shekara yana neman irin wannan dama ba zai so ya ɓata wa mai ɗaukar aiki rai da tambayoyi ba, kuma a kan wannan kunya da buƙata aka gina tarkon. Saboda irin haka ne a tsakiyar 2021 kamfanin Microsoft ya sa editan Visual Studio Code, wanda ƙididdigar shekara-shekara ta Stack Overflow take nuna sama da kashi 70 cikin 100 na marubuta suna amfani da shi, ya riƙa tambayar mutum ko ya amince da masu kundin da yake shirin buɗewa, idan bai amince ba a buɗe masa shi a ƙuntace. Tambayar tana da amfani ne kawai ga wanda aka koya wa dalilinta.

Wani babi na tarihin ya taɓa rubutun da Bahaushe ya sani tun kafin boko. Duk wanda ya taɓa sa ayar Alƙur'ani ko kalmar ajami a tsakiyar jimlar boko a wayarsa ya ga yadda kalmomi suke tsalle, aya ta koma farkon layi, baka ta juya baya. Dalili shi ne tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, yana da ƙa'idar jera rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci da Ibrananci, tare da mai tafiya daga hagu zuwa dama, kuma yana da waɗansu alamomi marasa siffa da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu su umurci allo ya juya jerin kalmomi. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij a Ingila suka nuna cewa da waɗannan alamomi ana iya sa edita ya nuna wa mutum jeri ɗaya alhali tafinta yana karanta wani, domin tafinta yana bin haruffa yadda aka ajiye su, ido kuma yana bin yadda aka zana su. Ta haka layin da mai dubawa yake gani yana tantance ko mutum yana da izini zai iya kasancewa, a wurin tafinta, sharhi ne kawai da ake tsallakewa. Sun gwada dabarar a harsuna irin su C da Java da Python da Go da Rust, ta yi aiki. Maganin da aka samar shi ne editoci da shafin GitHub, inda marubuta suke ajiye rubutunsu, su riƙa fito da alamomin fili tare da gargaɗi. Wannan ya fi shafar marubucin Kano fiye da na Landan, domin mai rubuta manhajar Alƙur'ani ko ta hadisi ko ta koyar da ajami yana cakuɗa rubutun biyu kullum, zai riƙa ganin gargaɗin a inda ba laifi, har ya gaji ya kashe shi, sannan ranar da na gaske ya zo ba abin da zai tsayar da shi. A watan Oktoba 2025 an kama wata cuta mai suna GlassWorm da ta ɓoye rubutunta da haruffan da ba sa bayyana a cikin ƙananan manhajojin da ake maƙala wa edita domin ƙara masa aiki.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ba inda wannan ya tabbata kamar a lamarin xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfuta mai tsarin Linux take ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita a lokacin hutunsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau, waɗansu asusun kuma suka riƙa matsa wa Collin da ƙorafin cewa aiki ba ya sauri, har daga bisani Jia Tan ya zama abokin kula mai ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya ɓoye ƙofarsa a cikin fayilolin gwaji da rubutun haɗawa, wuraren da ba kasafai ake karantawa ba. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya sanar da duniya, bayan da ya lura cewa shiga wata kwamfutar gwaji daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya ƙi barin maganar har ya kai ga tushenta. An kama abin kafin ya shiga manyan zubin Linux da bankuna da gwamnatoci suke amfani da su. Sabbin editoci masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suke rubutu su aiwatar da umarni a madadin mutum, sun ƙara faɗaɗa kafar, kamar yadda aka gani a watan Yuli 2025 lokacin da wani ya cusa umarnin goge fayiloli a cikin mataimakin Amazon Q na Visual Studio Code, har aka fitar da zubin ga jama'a kafin a janye shi.

Masana ba su naɗe hannu ba. David Wheeler ya nuna a 2005, ya kuma faɗaɗa a kundin digirinsa na uku a 2009, cewa ana iya kama dabarar Thompson ta hanyar fassara tafinta da wani tafinta na daban a gwada sakamakon biyu. Tun 2013 masu tsarin Debian suke aikin ganin cewa duk wanda ya haɗa rubutu ɗaya, ko a ina yake, ya sami sakamako iri ɗaya ba bambancin ko lamba guda, domin idan an taɓa injin wani a gane. Bayan SolarWinds, umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 na watan Mayu 2021 ya buƙaci masu sayar wa gwamnati manhaja su riƙa bayyana jerin abubuwan da suka haɗa ta da su. A Nijeriya an kafa hukumar NITDA a 2001, an yi dokar laifukan intanet a 2015 aka gyara ta a 2024, an yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma a 2023 ɗin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha. Rahoton GitHub na 2024 ya nuna masu asusu daga Nijeriya sun haura miliyan 1. Dokokin suna hukunta mai kutse bayan ya yi ɓarna, shirye-shiryen horo suna ƙara yawan masu riƙe da kayan aiki, amma manhajar da matashi zai rubuta wa asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma ba za ta fi kwamfutar da aka haɗa ta a kai tsarki ba.

Abin da ya rage yana hannun masu koyarwa a kusa, tun daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil har zuwa cibiyoyin koyon kwamfuta na garuruwan Rano da Kibiya. Ya kamata kowace cibiya ta sauke editoci da tafintoci daga shafukan masu su sau ɗaya, ta tantance su, ta ajiye a inda ɗalibi zai zo ya kwafa kyauta, domin hana shi karɓa a filashi ba tare da an ba shi madadi ba magana ce da ba za ta yi tasiri ba. Ya kamata kuma a koya masa, tun a makon farko, cewa yawancin masu fitar da waɗannan kaya suna wallafa wata lambar shaida mai suna SHA-256 tare da kowane fayil, jerin haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, wadda take canzawa gaba ɗaya idan aka taɓa ko harafi guda. Ɗalibin da ya karɓi kayan aiki daga hannun aboki a Saji yana iya lissafo wannan lamba a kwamfutarsa ba tare da intanet ba, ya gwada ta da wadda ke shafin asali ta wayarsa, kuma datar da hakan zai ci ba ta kai ta buɗe hoto ɗaya ba.